Gajimare a Cikin Kabad

Asabar, 29 ga Maris

Yaya Kippei ya tafi jami'a a Sendai. Mama ta yi kuka a tashar jirgi. Ni ban yi ba, sai da muka dawo na ga tsofaffin takalmansa a bakin ƙofa.

Da yamma na cire labulen da ya raba ɗakinmu biyu tun ina firamare. Ashe ɗakin nan yana da haske haka.

Kabad ɗin bango ma ya zama nawa. Na zuge ƙofarsa, wadda aka yi da takarda mai kauri, na tsaya ina kallo. Sama wayam, ƙasa wayam, sai doguwar kantar da ta raba su, da ɗan warin safar Yaya. Na leƙa na ga ba kowa, na hau kan kantar na miƙe. Ta ɗauke ni cif, daga kai har ƙafa. Na ja ƙofar. Duhu mai daɗi. Ƙarar talabijin ta koma kamar daga gidan wasu take fitowa.

Ina so in zauna a nan.

Lahadi, 30 ga Maris

Na faɗa wa Baba lokacin cin abinci, idona a kan kwanon miya. Sai da na maimaita sau biyu kafin ya ji.

"Ki kwana a kabad? Ga ɗaki guda an bar miki?"

Mama ta ce ya ƙyale ni, ai bai ba ni kyautar cin jarrabawar shiga babbar sakandare ba tukuna. Baba ya ci gaba da taunar kifi. Can ya ce zai yi wa Kuwabara-san magana, abokinsa kafinta, amma sai na zana komai da kaina, da awo. "Kafinta ba ya yanka mafarki, Mifuyu. Santimita yake yankawa."

Ya ba ni tef ɗin awonsa mai ruwan ɗorawa. Yana ƙarƙashin matashina yanzu.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Zurfin kabad ɗin ne matsalar. An yi shi ne don katifu, ba don riguna ba. Abin da ya shige can baya ya tafi ke nan, sai wata shekara a same shi da fumfuna.

To ga abin da na yanke. A ƙasa, durowoyi masu taya, masu buɗewa ta fuska biyu: kayan sanyi a wannan fuska, kayan zafi a waccan. Ranar canjin kaya sai dai in jawo in juya su. A ƙarƙashinsu katako mai tsaga-tsaga don iska ta ratsa, saboda laimar garin nan. Sandar rataye kayan makaranta a gefe.

Sama kuwa tawa ce. Katifa siririya, fitila mai lanƙwasa wuya, 'yar kantar littattafai daidai inda hannuna zai kai ba sai na tashi ba. Bangon ciki shuɗi mai duhu, irin na teku kafin ruwa ya sauko. A zanen na rubuta "wurin karatu". A raina sheƙa nake kiran ta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sabuwar makaranta. Kowa ya riga ya san kowa. Na ci abincin rana ni kaɗai, ina auna faɗin teburina da yatsu.

Talata, 15 ga Afrilu

Yarinyar da ke zama a bayana, Chinatsu, ta leƙo ta kafaɗata ta ga zanen.

"Gidan zomo kike ginawa?"

Kunnuwana suka yi zafi. Na ce kabad ne.

"To wannan mutumin da ke kwance a ciki fa?"

Na ce ni ce. Na jira ta yi dariya. Ta yi, amma ba irin wadda nake tsoro ba. Ta ce su huɗu ne a gidansu, a banɗaki take haddace kalmomin Turanci. "In an gama ki kira ni. Zan kawo biskit, ki ba ni hayar kusurwa ɗaya."

Na ce to. Ban taɓa gayyatar kowa gida ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Kuwabara-san ya zo. Gajere, fensir a bayan kunne, yana kiran Baba "ɗan dogo" kamar har yanzu suna aji ɗaya. Ya ƙwanƙwasa bangon kabad ɗin ko'ina yana saurare, kamar likita. Sannan ya karɓi zanena da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

"Malama injiniya, an gaishe ki."

Ya daɗe yana duba durowoyin nan masu fuska biyu. Ya ce wa Baba, "Wannan kan ba naka ta gado ba." Ya gyara mini abu ɗaya: in bar ɗan sarari a bayan katifa, in ba haka ba numfashina kaɗai zai jiƙa bangon. Ya ce sai ƙarshen Mayu zai samu hannu.

Bayan ya tafi na hau na kwanta, na bar ƙofar a ɗan buɗe. Hasken yamma ya shigo siriri ya kwanta a gwiwata. Na yi ta tunanin lokacin dusar ƙanƙara: waje fari fat, ni a ciki da fitila, ba wanda ya san shafin da nake.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kaka ta faɗi a lambunta a Himi. Gwiwa ce. Maƙwabciyarta Sachie ce ta same ta.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Mama ta shigo ɗakina ta zauna a tabarma, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce Kaka ba za ta ƙara yin wani sanyin ita kaɗai a gidan can ba. Za ta dawo wurinmu kafin damina. Ɗaki biyu ne da mu, don haka...

Na ce na gane.

"Ba ki ji haushi ba?"

Na ce a'a. Ina son Kaka. Gaskiya ne ina son ta. Wata ɗaya kawai na yi da ɗakin.

Amma sheƙar tana nan. Yanzu ma ta fi zama dole. Ƙofa ɗaya da zan ja a duk gidan nan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Mun je Himi. Duk hanya an cika gonakin shinkafa da ruwa, sama ta sauko ta kwanta a cikinsu, duwatsu a kife. Kamar muna tafiya a tsakanin sama biyu.

Kaka ta tare mu da sanda, tana faɗa wai mun rame duka. Ta yi kifi naɗe da ganyen teku. Kafin mu ci muka shiga ɗakin ciki muka gai da Jiji, kakana, mijinta. Tun da ya rasu, ina aji huɗu a firamare, a nan muke gaishe shi: gaban butsudan, baƙin kabad ɗin ibadar nan mai ƙofofi biyu, cikinsa ruwan zinare, hotonsa a gefe, 'yar shinkafarsa ta safe a ɗan kofi. Na buga 'yar ƙararrawar da ke gabansa, na haɗa hannu. Ƙarar ta daɗe tana yawo a ɗakin.

Wajen shayi Baba ya kawo maganar. Ya ce butsudan ɗin ba zai shiga gidanmu ba. "Wannan ai ya kai mita biyu. Ko ta taga ba zai bi ba." Ya ce za a kira malamin haikali ya yi addu'ar rufewa, a mayar da shi haikali, a sayi ƙarami irin na zamani, wanda bai wuce akwatin talabijin ba.

Kaka tana ta goge teburin da ya riga ya bushe.

"Yadda ya fi muku sauƙi," in ji ta.

Da suka fita duba lambu na koma ɗakin ciki. Ba da wata niyya ba. Tef ɗin ne a aljihuna, kuma kwanan nan komai na gani sai na auna. Na ce, "Jiji, yi haƙuri," na auna.

Bai kai mita biyu ba. Ko kusa.

Litinin, 5 ga Mayu

Na sake auna kabad ɗina, har sau uku, ko zan samu kuskure. Babu.

In aka yanke kantar tsakiya daga ɓangaren hagu, butsudan ɗin zai shige, har da ragowar yatsu biyu a sama. Ɓangaren dama sai kayana da na Kaka. Abin da zai rage na kantar ko kyanwa ba za ta miƙe a kai ba.

Ban faɗa wa kowa ba, ba wanda ya tambaye ni. Ba ƙarya na yi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Baba ya kawo takardar talla mai hotunan ƙananan butsudan. Ya ce ƙaramin zai zauna daidai a ƙarƙashin kantata, ta hagu, durowa ɗaya kawai zan rasa.

Mama ta ajiye cokali. "Yarinya ta kwana a saman kan mahaifinka?"

"Sai a manna gajimare."

Ban gane ba, sai ya bayyana mini. Ba a son kowa ya taka ko ya kwanta a saman butsudan. In ba yadda za a yi, sai a rubuta harafin da ke nufin gajimare a farar takarda a manna a sama da shi. Shi ke nan, daga nan zuwa sama babu komai sai sararin samaniya. Masu zama a gidajen bene duk haka suke yi.

Ya kira Kaka a waya ya faɗa mata. Na ji dariyarta tun daga inda nake. Ta ce a ba ni.

"Mifuyu, ashe ke za ki zama gajimaren? To ki riƙa yi a hankali, kar ki yi wa tsohon nan ruwa."

Kowa ya yi dariya, har ni. An gama magana ke nan. Malamin haikali zai je ranar ɗaya ga Yuni.

Na kwanta ina tunanin kaina a matsayin gajimare. Fari, mara nauyi, ina wucewa a saman Himi, ba wanda zai ce in ɗaga murya.

Talata, 13 ga Mayu

Chinatsu ta tambayi wane irin biskit nake so. Ta ce ta riga ta zaɓi kusurwarta, ta wajen fitila.

Asabar, 17 ga Mayu

Kaka ta kwana a wurinmu jiya saboda ganin likitan ƙashi. Karo na farko a ɗakina. Tana minshari kaɗan, ba mai damuwa ba.

Da safe na farka na same ta zaune a bakin gado, da ɗan kofin shayi a hannu, cike da shinkafar farko daga tukunya. Tana juyawa, tana neman inda za ta ajiye. Ta duba teburina, ta duba saman akwati. A ƙarshe ta ɗora a bakin taga, ta fuskanci wajen da Himi take.

"Yau akwai rana," ta ce wa Jiji a hankali. "Gwiwar da sauƙi. Kar ka damu da wake, Sachie za ta ba su ruwa."

Na rufe ido kamar ina barci.

Bayan karin kumallo ta ce in nuna mata zanen da ake ta magana. Ta sa tabarau ta bi shi da yatsa, durowa bayan durowa. Da ta zo kan 'yar mutum-mutumin da ke kwance ta tsaya.

"Ke ce nan? Da ƙofarki?"

Na ce e.

"Kin yi dabara." Ta cire tabarau. Ta ce lokacin da aka kai ta gidan su Jiji, su tara ne a gidan, ga uwar miji mai kunnen kyanwa. Ko a madafa sai an biyo ta. "Amma in na durƙusa na buɗe ƙofofin nan biyu, ba mai kira na. Ko ita. Wani lokacin ba addu'ar nake ba, hutawa nake. Kar ki faɗa wa Jiji."

Ta yi dariya ta miƙo mini zanen. "Ki sa fitila mai kyau, kar ki lalata idonki."

Lahadi, 18 ga Mayu

Na yi gwaji. Na samo kwali daidai girman ƙaramin butsudan na saka a ƙarƙashin kanta. Na yanki farar takarda na manna. Na hau na kwanta, da rana tsaka, da littafi.

Duk motsin da na yi sai katakon ya yi ƙara. Da can ban taɓa lura ba. Na yi ƙoƙarin zama mara nauyi, na riƙe numfashi. Shafi ɗaya na yi ta karantawa.

Kwali ne fa. Kwalin lemo.

Laraba, 21 ga Mayu

Na yi wani zane na biyu, don motsa hannu kawai. Hagu: fili tun daga ƙasa har sama, da katako mai kauri a ƙasa saboda nauyi, da wurin wayar wuta don 'yan fitilun ciki. Dama: durowoyin Kaka a daidai ƙugu don kar ta sunkuya, nawa a ƙasa, sandar rataya a sama. Durowoyi masu fuska biyu sun tsira, guda biyu.

Ya fi na farkon tsari. Abin haushin ke nan.

Na saka shi a cikin littafin lissafi.

Asabar, 24 ga Mayu

Kuwabara-san ya zo ɗaukar awon ƙarshe. Zane biyu a hannuna, ɗaya a bayan ɗaya. Har na miƙa masa ban san wanne ne a sama ba. Ko dai na sani.

Ya duba. Ya juya takardar ya duba bayanta.

"Malama injiniya, ina mai gidan? An kore ta?"

Na ce butsudan ɗin Himi zai shiga. Muryata ta fito kamar ta sauro. Baba ya ce ba zai yiwu ba. Na faɗi awon, tsawo da faɗi da zurfi. Ya ce na yi kuskure. Na ce sau biyu na auna a can, sau uku a nan.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Mama.

Na kalli tabarma.

Ba ta sake tambaya ba. Baba ya ɗauki makullin mota ya tafi Himi a take, da tef ɗina. Ya dawo da yamma yana sosa ƙeya.

"Ya ƙanƙance."

"Kai ne ka girma, ɗan dogo," in ji Kuwabara-san, wanda ya ƙi tafiya sai ya ga ƙarshen abin, ya kuma cinye mana wainar shinkafa.

Baba ya ce da ya faɗa wa Kaka tashi kawai ta yi. Ta shiga ɗakin ciki ta ja ƙofa, ta daɗe.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yau aka yanke kantar. Na dawo daga makaranta na ji ƙarar zarto tun daga matakala. Na juya na je na zauna a bakin kogi har ta lafa. Ban yi kuka sosai ba.

Ɗakin yana ƙamshin sabon katako.

Lahadi, 1 ga Yuni

Malamin haikali ya yi addu'ar rufewa a Himi da safe, ya sake yin wata a nan da yamma, ta buɗewa. Mutum huɗu suka hau da butsudan ɗin bene, naɗe cikin barguna, Baba yana ta "a hankali, a hankali" ba ya ɗauke da komai. Da suka tura shi cikin kabad ɗin kowa ya matso yana kallo.

Ya shige. Kuwabara-san ya sa yatsu biyu a sama ya kalle ni ya ɗaga gira.

Kaka ta buɗe ƙofofin. Zinaren ya kama hasken taga ya watsa shi a silin, yana rawa kamar ruwa. Ban san ɗakina zai iya yin haka ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Ranar canjin kaya. Kowa ya zo makaranta da farar riga mai gajeren hannu. Na jawo durowa na juya ta, shi ke nan. Tana aiki. Ba wanda ya gani sai Kaka, ta tafa mini.

Laraba, 4 ga Yuni

Ɗan gidan Hirose da ke samanmu ya koyi gudu. Dim dim dim, daga wannan bango zuwa wancan. Kaka tana durƙushe gaban Jiji, tana ɗaga kai duk lokacin da ya wuce.

"Mifuyu, hannuna yana rawa yanzu. Ke aka koya wa rubutun buroshi."

Na niƙa tawada. Na ɓata takarda biyar. Ta shida ta ce ta yi, ko da yake ƙasan harafin ya ɗan karkace, kamar iska na tura shi. Na hau kujera na manna a rufin kabad ɗin, can ciki.

Yaron ya sake wucewa, dim dim dim. Kaka ko motsi ba ta yi ba.

"Tsawa ce," ta ce.

Asabar, 14 ga Yuni

Damina ta shigo. Chinatsu ta zo da lema da biskit. Ban faɗa mata komai ba tun da farko, na kasa. Na zuge ƙofar takardar kawai.

Ta kalli butsudan, ta kalle ni.

"Ina kusurwata?"

Na ce an canza tsari.

"Wane irin zomo ne wannan mai gidan zinare?" Sai ta ga Kaka a bakin gado, ta toshe baki, ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce Jiji ma haƙoransa na gaba haka suke. Chinatsu ta ɗora biskit biyu a gabansa. Bayan ɗan lokaci Kaka ta sauko da su ta ce ya ƙoshi, muka cinye. Mun yi aikin gida a tabarma, mu biyu, Kaka tana gyara mana zama. Chinatsu ta ce za ta dawo Asabar mai zuwa, wai nan ya fi banɗakinsu.

Har yanzu ba ni da ƙofar da zan ja. Wani lokacin in na rufe ido ina ganin shuɗin bangon nan da fitila. Ina jin zan daɗe ina ganin sa.

Na juya shimfiɗata, kaina ta wajen kabad, ƙafafuna ta wajen ƙofa, kar in miƙe wa Jiji ƙafa. Mama ta shigo da wanki ta tsaya tana kallo, ta tambayi dalili. Na ce iska ce ke shigowa ta taga.

Ta kalli tagar. A rufe take. Ta ajiye wankin ta fita.